Babbar Madatsar Aswan: An Tare Ruwa, Amma Wa Ya Biya Kuɗin?

Malam Nura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun jiya da aka saka hoton Tafkin Nasir, wato ruwan da madatsar Aswan ta tare a kan kogin Nilu, a zauren nan nake son in ce wani abu, sai na bari gari ya waye. Lokacin da nake karatu a Masar na taɓa zuwa Aswan, na tsaya a kan madatsar da ƙafata. Idan ka fuskanci kudu, ruwa ne iyakar ganinka, ka rantse teku ne. Idan ka juya arewa, sai ka ga Nilu yana fita garau, har kana hango duwatsun da ke ƙarƙashinsa. Da yamma na shiga kwalekwalen wani dattijo. Ya ce mini lokacin yarintarsa, idan watan Agusta ya kama, ruwan nan ja yake zuwa kamar an dama ƙasa a ciki, sai sun zuba a tulu ya kwana ya kwanta kafin a sha. Ya ce yanzu ruwa ba ya yankewa rani da damina, amma tsirara yake zuwa, ba ya ɗauke da komai.

Maganar nan ta daɗe tana yi mini yawo a ka. An gina madatsar don a huta da ambaliya, kuma an huta. To amma ambaliyar nan ita ce ta haifi ƙasar Masar tun farko. Shin waɗanda suka tare ta sun yi lissafin abin da take kawowa? Injiniya Sabo, na san kana nan, fanninka ne.

Injiniya Sabo:
Wa alaikumus salam Malam Nura. Zan amsa, amma ina so mu fara daga inda ya kamata, don mutane da yawa suna maganar ambaliyar Nilu kamar baƙuwa ce mai ladabi da take zuwa ta ajiye tsaraba ta koma. Ba haka take ba. Ruwan ba a Masar yake sauka ba, a tsaunukan Habasha yake sauka, Shuɗin Nilu da kogin Atbara su kwaso shi su gangaro. Shekarar da ya yi yawa sai ya fasa jinga ya ci ƙauyuka, kamar yadda ya yi a 1878. Shekarar da ya yi ƙaranci, kamar 1913, gonaki su kwana a bushe. Mutum yana zaune a ƙasar da kusan ba a ruwan sama, abincinsa na shekara kuma yana hannun damina da take sauka a wata ƙasa mai nisa da bai taɓa gani ba. Wannan shi ne halin da ake ciki kafin madatsar.

Ustaz Lawal:
Injiniya ya yi gaskiya, kuma tarihi ya goyi bayansa. A tsibirin Rauda da ke Alƙahira har yau akwai ma'aunin ruwan Nilu da aka gina a shekarar 861 Miladiyya, rijiya ce da ginshiƙi a tsakiya an yi masa zane-zane. Idan ruwa ya kai zira'i 16 sai a yi shela, gari ya ɗauki murna, don an san za a ci abinci, kuma da wannan awon hukuma take yanka haraji. Idan bai kai ba, farashin hatsi ya tashi tun kafin a ga yunwar. A zamanin halifan Faɗimiyya Almustansir, wajen 1065 zuwa 1072, ƙarancin ruwa ya haɗu da rikicin sojoji aka yi shekara bakwai ana yunwar da littattafan tarihi ba su manta ba. Kuma kowa a nan ya san ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, shekaru bakwai na yalwa da bakwai na fari. A ƙasar nan aka yi ta. Shawarar da ya bayar ita ce a adana na shekarar yalwa don shekarar tsanani. Shi hatsi ya adana, su kuma waɗannan suka ce bari su adana ruwan kansa.

Har ana ba da labarin cewa Ibnul Haisam, masanin nan na ilimin gani, ya yi wa halifa Alhakim alkawarin zai daidaita Nilu. Da ya je wajen Aswan ya ga girman kogin sai ya gane abin ya fi ƙarfin kayan aikin zamaninsa. Kun ga ashe tunanin ya kai shekara dubu.

Sadiƙu:
Baba Injiniya, ni abin da ya ɗaure mini kai, na ji an ce madatsa biyu ce a Aswan. Wacce ake nufi?

Injiniya Sabo:
Biyu ce, ɗana. Ta farko Turawan Ingila suka gina, aka gama a 1902, aka ƙara mata tsayi sau biyu, aka kammala ƙarin farko a 1912, na biyu a 1933. Amma ka lura da yadda take aiki, don nan ne gishirin maganar Malam Nura yake. Ita tsohuwar tana da ƙofofi 180. Idan jan ruwa ya zo da lakarsa sai a buɗe su duka ya wuce, sai ƙarshen ambaliya, da ruwa ya fara washewa, sannan a rufe a tara na noman rani. Wato ajiyar shekara ɗaya take yi, ba ta iya riƙe ruwan bana ya kai baɗi, ba ta kuma iya tare babbar ambaliya. A 1946 saura ƙiris ruwa ya haye ta.

Sabuwar, wadda Misirawa suke kira Saddul Ali, tana 'yan kilomitoci kudu da tsohuwar. Ba bangon siminti ba ce, dutse ne aka yi da hannu: tulin duwatsu da yashi, da yumɓu a tsakiya don kada ruwa ya ratsa. Tsayinta mita 111, tsawonta mita 3,830, faɗin gindinta mita 980, samanta kuma mita 40. Tafkin da ke bayanta ya kai wajen kilomita 500, wutsiyarsa tana cikin Sudan. Idan ya cika maƙil yana ɗaukar sama da mita kubik biliyan 160, alhali abin da Nilu yake kawowa Aswan a matsakaiciyar shekara biliyan 84 ne. Kusan ruwan shekara biyu ke nan a rumbu ɗaya. Wannan shi ne dalilin gina ta, kuma shi ne dalilin da ya sa laka ba ta wucewa. Ba za ka riƙe ruwa shekara da shekaru ka ce lakarsa ta ci gaba da tafiya ba.

Hajiya Rabi:
Kafin a nutsa cikin mita da kubik, ina so a tuna cewa siyasa ce ta haifi madatsar nan kamar yadda lissafi ya haife ta. Sojojin da suka kifar da Sarki Faruƙ a 1952 suna neman aikin da zai nuna wa duniya Masar ta tsaya da ƙafarta. Amurka da Ingila da Bankin Duniya sun yi alkawarin kuɗi a ƙarshen 1955. Da jagoran Masar Jamal Abdul Nasir ya sayi makamai ta hannun Cekoslobakiya, ya kuma amince da gwamnatin kwaminis ta Sin, sai Amurka ta janye a ranar 19 ga Yuli, 1956. Bayan mako ɗaya, ranar 26 ga Yuli, ya tsaya a Iskandariya ya ce Masar ta karɓe Mashigin Suwes, da kuɗin shigarsa za a gina madatsar. Daga nan Ingila da Faransa da Isra'ila suka kawo yaƙi. A ƙarshe Tarayyar Sobiyet ce ta ba da rance da injiniyoyi. Aka fara aiki a Janairun 1960, aka karkatar da kogin a 1964 shugaban Sobiyet Kurushef yana wurin, aka gama a 1970, Sadat, wanda ya gaji Nasir, ya buɗe a Janairun 1971, Nasir kuwa ya rasu 'yan watanni kafin nan.

Abin da nake so ku gani shi ne: aikin da aka zubar da jini a kansa, aka yi masa waƙoƙi, wa zai iya tashi a lokacin ya ce akwai gyara? Duk wanda ya ɗaga murya kamar ya goyi bayan waɗanda suka kawo yaƙi ne.

Malam Nura:
Haka ne Hajiya. Akwai ma wata doguwar hasumiya a gefen madatsar, an yi ta da siffar furen bado, ta abotar Masar da Sobiyet. Duk wanda aka kai ziyara sai an tsaya da shi a wurin. Ba a tsaya da mu a inda za a ce ga ƙauyukan da suke ƙarƙashin ruwa ba.

Injiniya Sabo:
Za mu zo kan ƙauyukan, ba zan gudu ba. Amma ku bar ni in ajiye hujjata mafi ƙarfi tukuna. Daga 1979 har zuwa 1987 Nilu ya yi ta zuwa da ƙarancin ruwa shekara bayan shekara. Ku tuna hotunan yunwar Habasha ta 1984 da 1985, da abin da ya sami yammacin Sudan. Fari ɗaya ne, kogi ɗaya ne. Me ya sa ba mu ga irin hotunan nan daga Masar ba? Saboda suna ta ɗiba daga rumbun. Zuwa Yulin 1988 tafkin ya sauka har wajen mita 150 sama da teku, saura kaɗan ya kai inda injinan lantarki za su tsaya. Sai ga damina mai ƙarfi a watan Agustan shekarar. Khartum ta sha ruwan sama da cikar kogi, gidaje suka rushe ba adadi, Masar kuwa tafkinta ya haɗiye ruwan, manomin Asyuɗ bai ma ɗaga tabarmarsa ba. A shekara ɗaya madatsar ta tare yunwa ta tare ambaliya.

Ƙari a kan haka, injina 12 ne, kowanne megawat 175, jimla 2,100. A shekarun 1970 kusan rabin wutar ƙasar daga nan take fitowa, ƙauyuka da yawa a lokacin suka fara ganin ƙwan lantarki. Yanzu kasonta ya ragu sosai don gas ya karɓi aikin. Gonakin kudancin Masar da ake nomawa sau ɗaya a shekara suka koma sau biyu har uku. Mutanen ƙasar ba su kai miliyan 30 ba a 1960, yau sun haura miliyan 100. Ina so mai suka ya gaya mini da wane ruwa za a shayar da su.

Alhaji Tanko:
Injiniya, ni ban yi karatunku ba, amma na tsufa ina juya ƙasa. Ban musa maka ko ɗaya ba. Sai dai noma sau uku a shekara ba kyauta ba ne, bashi ne ake ci daga ƙasa. Yadda na fahimci tsohon tsarinsu, ana kewaye fili da jinga, a shigar da jan ruwa ya kwanta wajen kwana arba'in, ya sauke lakarsa, sannan a sake shi ya koma kogi. Da zai tafi yana tafiya da gishirin da ya taru a ƙasa. Bayan girbi kuma gona ta huta, rana ta gasa ta ta tsattsage, iska ta shiga, ƙwari da ɓeraye su ragu. Wanka ne da abinci da barci a lokaci guda. Yanzu gona kullum a jiƙe take, ba ranar hutu. Duk manomin da ya taɓa ban ruwa ya san abin da ke biyo baya: ruwan ƙasa ya taso, saiwa ta ruɓe, farin gishiri ya fito a kan kunya kamar an barbaɗa gari.

Injiniya Sabo:
Alhaji, wannan kam ka taɓo inda yake ciwo, kuma laifin masu tsari ne. An kawo ruwa ba a yi masa hanyar fita ba. Sai daga shekarun 1970 aka dawo ana binne bututun tsane ruwa a ƙarƙashin gonaki, an yi wa fiye da hekta miliyan 2, da kuɗi masu yawa da ya kamata a saka su cikin lissafin madatsar tun farko.

Amma kan batun taki ina da ja. Lakar da kogin yake kawowa ta haura tan miliyan 100 a shekara, gaskiya ne, sai dai mafi yawanta teku take wucewa, kaɗan ce take kwanciya a gona. Kuma sinadarin naitirojin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba. Yankin Delta ma, can arewa inda kogin ya rarrabu kafin ya shiga teku, tun ƙarni na 19, zamanin mai mulkin Masar Muhammadu Ali da noman auduga, aka fara mai da shi noman duk shekara, Masar tana shigo da takin zamani tun kafin a haifi Nasir. Saboda haka masu cewa madatsar ce ta koya wa manomin Masar sayen taki sun ƙara gishiri.

Alhaji Tanko:
Na karɓi gyara kan takin. Amma ƙasa ba sinadari kaɗai ba ce, jiki gare ta. Kaɗan ɗin nan da kake rainawa, shi ne ya taru shekara dubbai ya zama gonar.

Malam Nura:
Alhaji ya tuna mini da wani abu da na gani da idona a hanyar jirgin ƙasa: gonaki da suka yi ƙasa da maƙwabtansu kamar an kwashe musu fata. Na tambaya aka ce aikin masu jan bulo ne na shekarun baya. Da can lakar da ambaliya ta bari a gaɓa suke ɗiba, kowace shekara kogi ya mayar musu. Da ta daina zuwa sai suka koma sayen ƙasar saman gona daga hannun manoma, har sai da gwamnati ta hana a shekarun 1980. Wa zai yi tunanin madatsa a Aswan za ta sa manomi ya sayar da fuskar gonarsa?

Maman Ilham:
Ni fannina teku ne, don haka ku ba ni dama in kai ku can ƙarshen kogin. Injiniya ya ce mafi yawan lakar teku take wucewa, kamar asara ce. Ba asara ba ce, Baba. Ita ce take gina bakin Delta. Igiyar Bahar Rum kullum tana gutsurar gaɓa, kogi kuma kullum yana cikewa. Da aka tsayar da mai cikewa, mai gutsura bai tsaya ba. A bakin Rashid, inda reshen yamma yake shiga teku, an yi shekarun da gaɓa take ja da baya fiye da mita 100 a shekara, sai da aka jera katangun duwatsu. Dumyaɗ ma, inda reshen gabas yake shiga, ta taɓu. Ga shi ƙasar Delta da kanta tana lotsawa a hankali, kamar yadda kowace ƙasar laka take yi, ga teku yana tasowa, ruwan gishiri yana kutsawa cikin rijiyoyi da gonakin arewa. A nan ne fa mafi yawan abincin Masar yake fitowa.

Sai kifi. Jan ruwan nan idan ya shiga teku shi yake ciyar da ƙananan halittun da kifin sadin yake ci. A 1962 an kama wajen tan 18,000 na sadin a gaɓar Masar. Zuwa 1968 abin bai kai tan 500 ba. Ku yi tunanin masuncin da ya gaji jirgi daga ubansa, ya fita ya dawo da koma wayam, bai san abin da aka yi a nisan kilomita dubu ba.

Sadiƙu:
Anti, to har yanzu babu kifin?

Maman Ilham:
Ya dawo daga shekarun 1980, har kamun ya wuce na da. Amma masu bincike da yawa suna danganta dawowar da takin zamani da ƙazantar birane da suke gangarawa teku, su suka maye gurbin abincin da laka take kawowa. Ni ban san yadda zan yi murna da wannan ba. A tafkin kansa kuma an samu sabuwar sana'ar su, ana kama karfasa da giwan ruwa, kadoji ma sun samu mafaka. Ban ɓoye wannan ba.

Dakta Maryam:
Bari in shigo da batun lafiya, in gyara wata magana da ake yawan yaɗawa. An yi hasashen tsargiya za ta mamaye Masar, don katantanwar da take ɗauke da ƙwayar cutar tana son ruwan magudana mai tafiya a hankali wanda ba ya ƙafewa. Hasashen yana da tushe, kuma nau'in da ke kama hanji ya bazu zuwa wuraren da ba a san shi ba. Amma a jimlace cutar raguwa ta yi, saboda ruwan famfo ya shiga ƙauyuka, sannan aka samu ƙwayar magani ta sha mai suna praziquantel. Abin baƙin cikin yana wani wuri dabam: kafin ƙwayar, allurai ake yi wa jama'a a layi, sirinji ɗaya ba a dafa shi yadda ya kamata, ta nan ciwon hanta nau'in C ya bazu a ƙasar. An fara allurar nan tun kafin madatsar, don haka kada mu ɗora mata wannan. Idan za mu tuhume ta, mu tuhume ta da abin da ta aikata.

Hajiya Rabi:
To ga abin da ta aikata, wanda ba mai musu a kansa. Mutanen Nuba, mazauna gaɓar Nilu a kudancin Masar da arewacin Sudan, sama da 100,000 aka tasa. Wajen rabinsu na ɓangaren Masar, aka kwashe su a 1963 da 1964 zuwa yankin Kom Ombo, arewa da Aswan. Mutanen da ƙofar gidansu take kallon kogi, dabinonsu yana gaɓa, aka sauke su a jerin ƙananan gidaje iri ɗaya cikin tsandauri, nesa da ruwa, wasu ma ba a gama ginin ba. Na ɓangaren Sudan kuwa garin Wadi Halfa ne ya nutse ɗungurungum, aka ɗora su a jirgin ƙasa zuwa Khashmul Girba a kan kogin Atbara, tafiyar ɗaruruwan kilomita, ƙasar da ake ruwan sama da tsawa, abin da ba su saba da shi ba. Wasu suka ƙi tafiya, ruwa yana matsowa suna ja da baya da bukkokinsu. Kuma wannan ba shi ne karo na farko ba: a 1902 da 1912 da 1933 duk sai da tsohuwar madatsar ta ci musu ƙasa.

A daidai lokacin nan duniya ta tashi tsaye don ceto gumaka. UNESCO ta yi kira a 1960, ƙasashe suka haɗa kuɗi, aka yayyanka haikalin Abu Simbal na Fir'auna Ramsis na biyu gunduwa-gunduwa, aka ɗaga shi mita 65 aka sake haɗawa, daga 1964 zuwa 1968. Ban ce kada a ceci tarihi ba, aikin ya burge ni. Amma kowane dutse an yi masa lamba don kada ya ɓata daga ɗan'uwansa. Mutanen fa? Kaburburan iyayensu suna ƙarƙashin ruwan da ake ɗaukar hotonsa.

Malam Nura:
Hajiya, dattijon kwalekwalen da na fara da shi Banube ne. Ban faɗa ba da farko. Yana yaro aka tashe su. Ya ce mahaifiyarsa ta share ɗakinta tas ranar tafiya, ta kulle ƙofa, ta ɗaura mabuɗin a bakin mayafinta, ta je maƙabarta ta ɗebo ƙasa a ƙyalle. Sabon ƙauyen da aka kai su sunan tsohon aka sa masa, amma ita har ta rasu idan ta ce "gida" kudu take nunawa. Jikokinsa kuma Larabci ya fi zama a bakinsu fiye da harshen Nuba. Da yake faɗa mini bai ɗaga murya ba, hannunsa yana kan igiyar filafilan jirgin.

Sadiƙu:
Allah sarki. Baba Injiniya, babu wata hanya ne da za a samu ruwan ba tare da an nutsar da su ba?

Injiniya Sabo:
Akwai wadda aka tsara. Wani Bature masanin Nilu mai suna Hurst, wanda ya yi wa gwamnatin Masar aiki shekaru da yawa, shawararsa ita ce a yi ajiyar a can sama wajen mafarin kogin, a tafkunan Biktoriya da Albat da Tana, inda rana ba ta shan ruwa sosai. Ka san Aswan tana cikin wuraren da suka fi zafi da bushewa a duniya, tafkin yana asarar wajen mita kubik biliyan 10 a shekara, tururi kawai. Amma wannan tsarin yana nufin mabuɗin rumbunka yana aljihun wasu ƙasashe, wasunsu a lokacin suna hannun Ingila. Nasir ya zaɓi rana ta sha ruwan da dai wani ya riƙe masa maƙogwaro. A 1959 suka zauna da Sudan suka raba: Masar biliyan 55.5, Sudan biliyan 18.5, biliyan 10 kuma wanda rana take shanyewa. Habasha, wadda fiye da kashi 80 cikin ɗari na ruwan yake fitowa daga ƙasarta, ba a kira ta zaman ba.

Sadiƙu:
Shi ya sa ke nan ake rigima kan madatsar da Habasha ta gina.

Injiniya Sabo:
Shi ne tushen. Sun fara gini a 2011 a kan Shuɗin Nilu, suka fara tara ruwa a 2020, tafkinsu yana ɗaukar biliyan 74. Kuma ka ga abin da ya kwantar da tarzomar shekarun cikawa: an dace da damina mai kyau, Tafkin Nasir kuma yana cike, shi ya sa manomin Masar bai ji a jikinsa ba. Gwajin gaskiya sai ranar da fari irin na shekarun 1980 ya dawo, rumbu biyu suna kan kogi ɗaya, kowa yana son ya riƙe nasa. Lakar ma yanzu mafi yawanta a can Habasha za ta riƙa kwanciya.

Maman Ilham:
Wato Delta ta ƙara nisa da abincinta.

Alhaji Tanko:
Ni tambayata ɗaya ce ga Injiniya, kuma ina son amsa ba kwana-kwana. Da kai ne a kujerar a 1959, ka san duk abin da muka sani yau, za ka sa hannu?

Injiniya Sabo:
Zan sa, Alhaji. Ba zan iya kallon 1984 in ce a'a ba. Amma ba zan sa a kan takardar da suka sa ba. Bututun tsane gonaki zai shiga kasafin tun ranar farko, haka katangar Rashid. Habasha za ta zauna a teburin. Kuma ba za a rufe kogin ba sai an zauna da mutanen Nuba sun faɗi inda suke so su koma.

Hajiya Rabi:
Sun faɗa ai, Injiniya, tun ba yau ba. Bakin tafkin suke so, kusa da inda ƙauyukansu suke. Tsarin mulkin Masar na 2014, sashe na 236, ya ce gwamnati za ta yi aikin mayar da su yankunansu na asali cikin shekara goma. A cikin shekarar nan kuma aka fitar da dokar shugaban ƙasa mai lamba 444, wadda ta mai da wani babban yanki na kan iyakar kudu wurin soja da ba a zama, ya haɗa da wuraren da suke nema. Shekara goman ta cika a 2024.

Malam Nura:
Abin da ake gaya mana a can shi ne wai zama a bakin tafkin hatsari ne, ruwa yana hawa yana sauka, kuma za a ɓata ruwan sha na ƙasa gaba ɗaya. Injiniya, wannan hujja ce ko uzuri?

Injiniya Sabo:
Rabin farko ba hujja ba ce. Tafkin yana da iyakar da ba ya wucewa, wajen mita 182 sama da teku. Kafin ma ya kai can akwai mafitar Toshka a gefen yamma, wadda take kwashe rarar ruwa zuwa cikin hamada. An fara amfani da ita a 1996, a 1998 kuma ruwan da ya bi ta nan har tafkuna ya yi, ana ganinsu a hoton tauraron ɗan'adam. Duk wanda yake da taswira mai nuna tudu da kwari zai iya ja maka layin nan da fensir, abin da ke samansa busasshiyar ƙasa ce ko a shekarar da ta fi kowace ruwa. Batun ƙazanta kuwa gaskiya ne, amma aikin magudana ne da tace ruwa, an san yadda ake yi, an san kuɗinsa. Garin Abu Simbal ai a bakin tafkin yake, da otal-otal da filin jirgin sama, kuma a gefen nan ne aka kafa manyan injinan da suke jan ruwa zuwa gonakin Toshka. Hajiya, idan kina da jerin sunayen tsofaffin ƙauyukan ki turo mini, zan ɗora su a kan taswirar in saka a nan, kowa ya ga tazarar da ke tsakanin kowane ƙauye da layin mita 182.